Keke daga San Candido zuwa Lienz tare da yara, zai yiwu?

Ɗan'uwa kana tambaya ko kai da iyali za ku iya bin hanyar keke ta bakin kogin Drau, daga San Candido a Italiya zuwa Lienz a Ostiriya, alhali rabonka da hawa keke an daɗe kuma ba mai batir za ku ɗauka haya ba. Eh za ku iya wallahi, kar tsaunukan da kake gani a hoto su tsorata ka, suna gefe ne kawai hagu da dama, ita hanyar kwari take bi tare da ruwa, wajen kilomita 44 ce kuma kusan duk gangara, kafin ka isa Lienz ka sauko kamar mita 500, yawancinta kwalta ce nesa da motoci.

Sharaɗin dai ku fara daga San Candido, kar ku ce da keke za ku koma don hawa ne zalla, jirgin ƙasa ake shiga a Lienz ya mayar da mutum. Ni abin da na gani a can gajiya ba ita ce damuwa ba, birki ne, yara da sun ji gangara sai su saki keke a guje, ga kwana ga jama'a, balle watan Agusta lokacin hutun Italiyawa hanyar cika take maƙil. Don Allah ka gwada birkin kowane keke tun a shagon haya, kowa ya sa hular kwano, ku riƙe rigar sanyi don ko lokacin zafi safiyar can da sanyi. In kun kai Heinfels ku tsaya yara su huta, masana'antar biskit ta Loacker tana nan kusa da hanya.