Tambaya da Amsa: Sakatar Ƙofar Kabad a Motar Gida Tana Yawan Karyewa, Mene ne Mafita?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Ohio ta Amurka, kuma na sayi tirelar gida ta hannu, irin wadda ake ja da mota a tafi hutu da iyali, mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki. Damuwata ita ce sakatar roba da ke riƙe ƙofar kabad ɗin tufafi, domin duk wadda na saka sai ta karye bayan 'yan tafiye-tafiye, mu isa masauki mu tarar da ƙofa a buɗe, kaya a zube. Akwai kuma ƙofofin madubi guda biyu masu zamewa, su ma abin da ke riƙe su ya ɓalle, sannan ramukan sukuru sun yi faɗi har ba sa kamawa. Shin in ci gaba da sayen irinta ne, ko akwai gyaran da zai ɗore?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Idan sakata ta karye sau ɗaya, ana iya cewa tsufa ne ko rashin ingancin roba, amma idan sabuwa tana bin tsohuwa a wuri guda, to akwai abin da yake karya ta, kuma muddin ba a gano shi ba, ko ta ƙarfe ka saka, sai dai ɓarnar ta koma jikin katako. Shawarata ita ce ka dakatar da sayen sabuwa tukuna, ka fara duba zaman ƙofar da nauyin da yake tura ta daga ciki.

Yana da kyau a fahimci halin da wannan kabad yake ciki. Yawancin motocin gida na Amurka, waɗanda suke kira RV, ana ƙera su ne a arewacin jihar Indiana, musamman yankin Elkhart, kuma babban abin da masu ƙera su suke kiyayewa shi ne rage nauyi da rage kuɗi. Saboda haka za ka tarar jikin kabad ɗin an yi shi da siraran sanduna da aka lulluɓe da filawud mai kaurin kusan milimita 3, ko kuma da allon garin katako da aka matse aka manna masa leda mai launin itace. Irin wannan allo ba ya riƙe sukuru kamar katako na gaske. Bugu da ƙari, tireloli da yawa suna zaune ne a kan sifirin mai ganye ba tare da shokzoba ba, don haka duk gargadar hanya tana shiga jikin gidan kai tsaye, kuma ɓangaren da yake bayan tayoyi ya fi ko'ina jijjiga. Idan kabad ɗinka yana can baya, ka sani cewa sakatarsa tana shan wahalar da ta kicin ba ta sha.

Sakatar da aka fi samu a irin waɗannan ƙofofi baƙar roba ce mai ɓangare biyu: akwai baki mai sifirin a ciki, akwai kuma harshe da yake shiga bakin ya maƙale. Kamfanin Southco yana yin irinta mai ƙarfin riƙo na fam 3 da fam 5 da fam 10, wato kimanin kilo 1.4 da 2.3 da 4.5, kuma kamfanoni irin su RV Designer da JR Products suna sayar da makamantanta a shagunan kayan gyara. Wannan sakata tana da wata ɗabi'a da mutane da yawa ba su lura da ita ba. Wani lokaci bakin yakan rufe da kansa alhali ƙofar tana buɗe, ko dai wani kaya ya taɓa shi ko yaro ya sa yatsa, sai mai gida ya zo ya tura ƙofa ya ji ta ƙi shiga, ya ƙara ƙarfi, nan take harshen ya daki rufaffen baki ya tsage. Duk lokacin da ƙofar ta ƙi rufuwa, kada ka buga ta, ka duba bakin, ka sa kan sukundireba ka ɗago shi har ka ji ya koma a buɗe. Ya kamata duk mutanen gidan su san wannan, domin kashi mai yawa na karyewar a hannu ake yin sa, ba a kan hanya ba.

Sai batun saiti, wanda a ganina shi ne tushen matsalar mai tambaya. An ƙera sakatar ne don harshe ya shiga tsakiyar baki a miƙe. Idan ƙofar ta sauka ko da da milimita 2 ne saboda hinji ya saki, harshen zai riƙa shiga a karkace, yana gogar gefe ɗaya, kuma a kowace jijjiga yana lanƙwasa robar kaɗan-kaɗan har ta gaji ta karye. Kafin ka auna komai, ka ajiye tirelar a wuri mai shimfiɗa, ka daidaita ta da awon ruwa irin na magina, gaba da baya da kuma gefe da gefe. Wannan yana da muhimmanci, domin jikin tirela yana murɗewa idan an ajiye ta a karkace ko an matsa jak ɗin kusurwa ɗaya fiye da sauran, kuma wanda ya saita sakata a wannan hali zai ga ta kauce da zarar ya hau hanya. Bayan ka daidaita ta, ka riƙe ƙofar ka ɗaga sama ka sauke. Idan ta motsa, hinji ne yake buƙatar gyara kafin komai. Daga nan ka shafa alli a kan harshen, ka rufe ƙofar a hankali, ka buɗe ka ga inda allin ya zauna. Idan ya zauna a gefe guda, sai ka sassauta sukurun ka matsar da ɓangaren da yake da dogayen ramuka har alamar ta dawo tsakiya, sa'annan ka ɗaure. Ka bar ɗan sarari yadda bakin zai kama harshen sosai kafin ƙofar ta daki firam, amma kada sararin ya yi yawa har ƙofar ta riƙa kaɗawa bayan ta rufu. Ƙananan ɗigon roba masu laushi da ake mannawa a kusurwar ƙofa suna cike wannan sarari, kuma suna rage bugun da yake isa ga sakatar.

Ramukan da suka yi faɗi suna da gyara, sai dai gyaran ya danganta da irin katakon. Idan firam ɗin katako ne na gaske, ka tsoma tsinken sakace ko siririn itace a gam ɗin kafinta, ka cusa ramin ya cika tam, ka yanke abin da ya fito, ka bar shi ya kwana ya bushe har awa 24, sannan ka huda ɗan siririn rami kafin ka mayar da sukurun. Idan kuwa allon garin katako ne, wannan dabara ba ta cika ɗorewa ba, domin gefen ramin da kansa ne yake rugurgujewa. Abin da ya fi shi ne ka faɗaɗa ramin da injin huda zuwa kimanin milimita 6, ka manna guntun sandar katako mai ƙarfi a ciki, ko kuma, idan hannunka yana kaiwa bayan firam ɗin, ka manna wani guntun katako a baya ka sa sukuru mai ɗan tsawo ya ratsa ya kama shi. Inda ya yiwu, ƙaramin noti mai ratsawa da washa a baya ya fi kowace dabara ƙarfi. Sai dai ka auna tsawon sukuru da kaurin wurin kafin ka ɗaure, saboda a bayan siraran bangayen nan akwai wayoyin wuta na bolt 12 da na bolt 120, wani wurin har da bututun ruwa. Yawancin sukurun da ke cikin waɗannan motoci masu ramin murabba'i ne, irin na Robertson lamba 2, kuma yin amfani da sukundireba mai kan gicciye a kansu yana cinye kan ne kawai. Ka ɗaure da hannu, kada ka ƙarasa da inji, domin matsi mai yawa yana tsaga kunnen robar tun ranar da aka saka ta, ko da tsagar ba ta bayyana ba sai daga baya.

Kada ka ɓata lokaci wajen liƙe wadda ta karye da gam mai saurin kamawa. Irin robar da ake yin waɗannan sakatu da ita ba ta cika karɓar gam ba, kuma wurin da ya karye shi ne wurin da nauyi yake sauka. Haka nan kada ka ɗiga ruwan kulle noti irin na Loctite a inda zai taɓa roba, saboda yana sa wasu robobin tsagewa, kuma idan bakin ya yi tauri, feshin silikon mai bushewa ya fi man inji dacewa. Ka tuna kuma cewa roba tana ƙara gautsi a sanyi, don haka a hunturun Ohio, idan ka shiga tirelar da ta daɗe a ajiye, ka buɗe ƙofofin a hankali.

Game da wadda za ka saya, mutane da yawa suna gaggawar komawa mai fam 10 suna zaton sun huta. Tana da amfani ga babbar ƙofa mai nauyi, amma kowace buɗewa sai an ja da ƙarfin kilo huɗu da rabi, kuma wannan ƙarfin a kan sukuru da hannun ƙofa yake ƙarewa, saboda haka idan ba ka ƙarfafa ramukan ba, za ta tumɓuke su. Sakatar tagulla mai ƙwallaye biyu ta fi roba ɗorewa, kuma tana da sukurun da ake ƙara mata ƙarfi ko a rage, amma ita ma riƙon matsi take yi, wanda bugu mai ƙarfi zai iya ɓallewa. Maganaɗisu kuwa ba na ba da shawararsa shi kaɗai ga kabad ɗin tufafi, domin da zarar ya saki, babu abin da ya rage. Abin da na fi amincewa da shi shi ne a raba aikin gida biyu: a bar sakatar yau da kullum don zaman masauki, a ƙara wata mai kullewa ta gaske don tafiya. Wannan ta biyun tana iya zama sakata mai maɓallin dannawa irin ta jiragen ruwa da motocin gida na Turai, wadda ba ta buɗuwa sai an danna maɓallin ya fito, ko ƙaramar sakatar ƙarfe mai zarewa da aka kafa a tsaye yadda nauyinta zai riƙe ta a rufe, ko kuma, idan ƙofofi biyu ne masu fuskantar juna, maɗauri mai mannewa da zai haɗa hannayensu. Ta maɓalli tana buƙatar huda rami a jikin ƙofar daidai da awon da masu ita suka rubuta, don haka ka tabbatar kaurin ƙofarka ya dace da ita kafin ka saya.

Ƙofofin madubi masu zamewa sha'aninsu daban ne, domin suna da nauyi, kuma idan hanyar da suke gudu a kai tana bin tsawon tirelar, kowane taka birki yana jefa su gaba, idan kuma a gicciye take, kowace kwana tana jefa su gefe. Ɗan abin robar da kamfani ya saka ba zai jure wannan ba har abada. Ka fara duba ƙananan tayoyin da ƙofar take gudu a kansu, ka share hanyar, ka daidaita tsayin ƙofar da sukurun saiti idan tana da shi, yadda gefenta zai haɗu da bango daga sama har ƙasa. Daga nan, mafi sauƙin gyara kuma mafi aminci shi ne ka yanko sandar katako daidai da tsawon hanyar da ta rage bayan an rufe ƙofar, ka kwantar da ita a ciki kafin tafiya, kowace ƙofa da tata sandar. Wannan ba ya buƙatar huda komai, kuma nauyin yana sauka ne a kan bango maimakon roba. Idan ka fi son maɗauri mai maɓalli, ka kafa sukurunsa a jikin kabad, kuma kada ka huda siririn firam ɗin ƙarfen sai ka tabbatar inda gilashin ya tsaya a cikinsa, domin bakin madubin yakan shige cikin firam ɗin, kuma taɓa shi da ƙarfen huda yana fasa shi.

Akwai kuma nauyin da yake cikin kabad ɗin. Tufafin da aka rataye suna lilo a kan hanya, su taru su daki ƙofa gaba ɗaya, kuma akwati ko injin shara da aka jingina a ciki yana iya yin bugun da ya ninka ƙarfin kowace sakata. Ka ajiye kaya masu nauyi a ƙasa can ciki, ka ɗaure tufafin da igiyar roba su zama dami ɗaya, ka kuma gitta sanda mai sifirin a bakin kantoci don kada abin da ke kai ya zamo ya jingina da ƙofa. Ka duba iskar tayoyinka daidai da abin da aka rubuta a takardar da ke manne a jikin tirelar, sannan bayan tafiyar farko da gyaran, ka sake shafa alli a harshen ka ga ko alamar tana nan a tsakiya, ka kuma taɓa kowane sukuru da sukundireba ka ji ko ya saki.