Cinyoyina sun ɗaure a gasar iyo, keke da gudu: gishiri ne ya yi mini ƙaranci?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 36, kuma kwanan nan na shiga gasar tirayatulon a karo na farko, wadda ake haɗa iyo na kilomita 1.5, tseren keke na kilomita 40, sannan gudu na kilomita 10. Tun a cikin ruwa sharaɓata ta dama ta ƙulle, daga baya ta saki. A keke lafiya lau na yi, har na wuce mutane da yawa. Amma da na sauka na fara gudu, ban kai kilomita biyu ba bayan cinyoyina suka ɗaure tamau, da tafiya na ƙarasa. Na sha ruwa sosai, na ci ayaba. Abokaina sun ce ƙarancin gishiri ne, wai in nemi ƙwayar magnesiyam. Nan da wata huɗu ina so in shiga rabin Ironman, wato tirayatulon da ta fi wannan nisa. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Wanda ya kai ƙarshen wannan gasa da cinya a ɗaure ya ji jiki. A cikin saƙonka abin da ya fi jan hankalina shi ne inda ka ce a keke ka wuce mutane da yawa. A ganina can matsalar ta soma, sai dai ba ta fito fili ba sai da ka fara gudu.

Zancen gishirin da abokanka suka yi yana da tushe. A farkon ƙarni na 20 likitoci sun lura cewa masu haƙar kwal a Ingila da masu zuba gawayi a injin jiragen ruwa suna fama da ɗaurewar tsoka, haka ma leburorin da suka gina madatsar ruwa ta Hoover a Amurka a shekarun 1930. Mutane ne da ke wuni cikin zafi suna zubar da gumi, suna kwankwaɗar ruwa zalla, kuma da aka riƙa sa musu gishiri a abin sha sai abin ya ragu. Daga nan bayanin ya shiga filin wasa ya zauna.

Da aka zo aka auna 'yan tsere kansu, sai lissafin ya ƙi fita. Farfesa Martin Schwellnus na Afirka ta Kudu da abokan aikinsa sun bi 'yan gasar Ironman su 210, suka auna nauyinsu da gishirin jininsu kafin gasa da bayanta, aka wallafa sakamakon a 2011. Waɗanda tsokarsu ta ɗaure da waɗanda ba ta ɗaure ba, babu wani bambancin kirki a tsakaninsu wajen ruwan jiki ko gishirin jini. Abubuwa biyu ne suka raba su: masu ɗaurewar sun fi sauri a gasar, kuma yawancinsu abin ya taɓa samunsu a baya.

Bayanin da Schwellnus ya gabatar tun 1997 shi ne wanda na fi gamsuwa da shi. Umarnin da ke sa tsoka ta matse daga laka yake fitowa, kuma laka tana sauraren rahoto daga wurare biyu. A cikin tsokar akwai 'yan ƙananan jijiyoyi masu cewa a ƙara matsewa, a igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi kuma akwai wasu masu cewa a sassauta. Idan tsoka ta gaji fiye da abin da ta saba, na farko sukan ƙara kaifi, na biyu su yi sanyi, kamar motar da toturta ya maƙale alhali birki ya cinye. Sai tsokar ta dunƙule ta ƙi saki. Ka lura da abin da ya same ka: tsokokin da suka yi aikin ne kaɗai suka ɗaure, ba duk jikinka ba, alhali jini ɗaya ne ke zagaya ko'ina. Kuma in ka miƙar da tsokar takan saki cikin 'yan daƙiƙoƙi tun ba ka sa komai a baki ba, domin miƙewar tana tayar da masu cewa a sassauta.

Tsokar da ta fi saurin ɗaurewa ita ce wadda ta ratsa gaɓoɓi biyu, musamman in tana aiki a taƙaice ba a miƙe ba. Sharaɓa ta ratsa gwiwa da idon sawu, bayan cinya kuma ya ratsa ƙugu da gwiwa. A iyo kana tsuke tafin ƙafa baya tun daga farko har ƙarshe, sharaɓa tana a dunƙule, ga ruwan sanyi, ga bugun ƙafa da ƙarfi saboda turereniyar farkon gasa. In ta ƙulle a ruwa, ka juya rigingine ka janyo yatsun ƙafar zuwa ƙwauri. Dokar gasa ta yarda ka riƙe kwalekwalen masu tsaro ka huta, muddin bai matsar da kai gaba ba, don haka kada ka ji kunyar ɗaga hannu. A wurin atisaye ka koyi sakin idon sawu, ka rage bugun ƙafa, hannu ya ɗauki yawancin aikin.

Keke ne ya fi yaudarar sababbin shiga. Kana zaune, iska tana busar da gumi, numfashinka bai kai ga haki ba, sai ka ga kamar da sauran ƙarfi, ka sa giya mai nauyi ka bi wanda ke gabanka. Fiye da awa ɗaya ƙugunka yana lanƙwashe, gwiwa ba ta miƙe gaba ɗaya ba ko sau ɗaya. Kana dira ƙasa sai ka nemi wannan tsoka ta buɗe taku ta kuma tare nauyin jikinka. Rabin Ironman iyo ne na kilomita 1.9, keke 90, gudu 21.1, ka ga duk abin da ka ranta a keke za ka biya shi ninki a gudu.

Saboda haka wata huɗun nan ka kashe su a kan ƙafafunka. Sau ɗaya a mako ka haɗa keke da gudu ba tare da hutu a tsakani ba: ka sauka, ka sauya takalmi, ka yi gudun minti 15 zuwa 20, kana ƙarawa a hankali. Wasu daga cikin dogayen tafiye-tafiyenka na keke ka yi su da ainihin saurin da kake nufin yi ran gasa, domin tsoka ba ta sabawa da abin da ba a nuna mata ba. Ka fi son giya mai sauƙi, feda tana juyawa kamar sau 85 zuwa 90 a minti. A sa wanda ya san aikin ya duba maka tsayin sirdi, don in ya yi sama da yawa kan yatsu za ka riƙa taka feda, sharaɓa da bayan cinya su sha wahala. Sau biyu a mako ka ƙarfafa sharaɓa, bayan cinya da ɗuwawu da motsa jiki mai nauyi. Makon ƙarshe ka rage atisaye sosai. In gasar a wuri mai zafi za a yi, jiki yana bukatar kwana 10 zuwa 14 na atisaye cikin zafi kafin ya saba.

Ran gasa ka bar masu wuce ka a keke su wuce. Kilomita biyar na ƙarshe ka sassauta giya, ka miƙe kan feda ka saukar da dunduniya. Farkon gudu ka yi gajeren taku. Da ka ji tsoka ta fara tsuke-tsuke, ka rage sauri nan take tun ba ta kama ba. In ta kama, tsaya ka miƙar da ita a hankali na rabin minti, ka taka da ƙafa, sannan ka ci gaba a ƙasa da saurin da. Wasu kan kurɓi ruwan khal mai gishiri da ake jiƙa kokwamba a ciki. Wani gwaji a Amurka a 2010 ya nuna yana sa ɗaurewar ta saki cikin kusan minti ɗaya da rabi, tun kafin ya isa jini, abin da ya sa ake zaton ta jijiyoyin baki da maƙogwaro yake aiki. Ka gwada a atisaye tukuna.

Ban ce ka yi watsi da ruwa da gishiri ba. Ka hau sikeli kafin atisayen awa ɗaya da bayansa. Kowane kilo da ka rasa kusan lita ɗaya ce ta gumi. In kana ganin farin gishiri ya bushe a hularka da rigarka, ka riƙa shan abin sha mai gishiri maimakon ruwa zalla. Amma kada tsoron ɗaurewa ya sa ka ɗura ruwa fiye da kima. A gudun fanfalaki na Boston na 2002, kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka auna gishirin jininsu ya sauka ƙasa da ƙa'ida, yawanci saboda yawan sha, kuma wannan yana iya kumbura ƙwaƙwalwa. Ayaba da dabino suna da amfani don sukarinsu, ka nemi kamar giram 60 na sukari a awa a kan keke. Magnesiyam kuwa babu wata hujja mai ƙarfi cewa yana hana irin wannan ɗaurewa. Kwinin kada ka taɓa shi don wannan, kuma kada ka sha ibuprofen ko diclofenac kafin gasa ko cikinta, domin suna iya cutar da ƙoda a jikin da ya rasa ruwa.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonka da shi. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da rukunin jini na AS, wato ya gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensa ba tare da yana da cutar ba, kuma da yawa ba su sani ba. Mai AS yana iya yin wasa har matakin ƙwararru, amma in gajiya mai tsanani ta haɗu da zafi da ƙarancin ruwa, ƙwayoyin jininsa kan iya lanƙwashewa su toshe ƙananan hanyoyin jini a tsoka. Ana yawan ɗaukar wannan a matsayin ɗaurewa ta yau da kullum. Bambancin shi ne a nan tsokar ba ta dunƙulewa ta yi tauri, laushi take yi, ƙafa ta mutu, mutum ya sulale ƙasa yana haki. Wannan ba na miƙarwa ba ne, a tsaya a kira masu agajin gaggawa. Haka nan in bayan gasa fitsarinka ya yi launin baƙin shayi, ko ciwon tsoka ya zo da kumburi, ko ka ji ruɗewa da amai, ka tafi asibiti a ranar. In ba ka san ko kai AS ne ba, ka yi gwajin genotype kafin ka biya kuɗin rajista, ka kuma faɗa wa likitan duk magungunan da kake sha, musamman na hawan jini masu sa fitsari da na rage kitsen jini.