Hotunan da ake ɗauka kafin tiyatar sankarar furostat

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa aka tura Baba ɗaukar hotuna kafin tiyata, alhali gwajin PSA ɗinsa, wato gwajin jini da ke auna sinadarin da furostat (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) ke fitarwa, ya haura 20. Allah Ya ba shi lafiya. Wannan adadi na nuna haɗari babba, don haka dole likita ya san inda cutar ta kai. Hoton MRI shi ke nuna ko ta ɓulla bayan furostat, na CT yana duba kaluluwar ƙugu, na ƙashi kuma yana neman ta a gadon baya da kwankwaso. Hoton PSMA-PET, wanda ke nuna inda ƙwayoyin sankarar furostat suke a jiki, ya fi na CT da na ƙashi daidaito: binciken Ostiraliya na 2020 ya samu daidaitonsa kashi 92 cikin ɗari, nasu kuwa kashi 65. Ka tambayi likitan Baba a nan Sakkwato inda za a samu wannan hoton, ka kuma tafi da takardar gwajin ƙoda, domin akan duba lafiyar ƙoda kafin a yi allurar ruwan da ke fito da hoton CT ko MRI.