'Yata mai asma za ta hau dutse kallon aman wuta, takunkumi ya wadatar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata da ke karatu a Italiya ta ce za su je tsibirin Stromboli ita da ƙawayenta, su hau dutse da yamma su kalli aman wuta daga wurin da aka keɓe. Tun tana ƙarama take fama da asma. Wanda ya shirya musu tafiyar ya ce babu komai, ta sa takunkumi ko ta jiƙa gyale ta rufe hanci. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya. Kina da gaskiya da kika damu, sai dai ba wutar ce ta fi damuna ba. Tsawon dutsen mita 924 ne, kuma tun bayan fashewar 3 ga Yulin 2019 da ta kashe wani mai hawa, hukuma ta tsaurara. A 'yan shekarun nan ana tsayawa a mita 290 in ba jagora, mita 400 in da jagora. Narkakken dutsen kuwa yawanci ta gangaren Sciara del Fuoco yake bi ya faɗa teku.

Maganar takunkumin nan ce ke ƙona min rai, don kullum sai na ji ta, kuma daga bakin masu karɓar kuɗin mutane. Takunkumi, ko da mai ƙarfin tace ƙura irin N95 ne, toka yake tarewa. Gas kuwa ratsa shi yake kamar an zuba ruwa a kwando. Wanda ke tayar da asma a bakin dutse shi ne salfa dayoksaid. Ɗan kaɗan da mai lafiya zai ji ƙaiƙayin maƙogwaro kawai ya wuce, shi zai matse wa mai asma ƙirji cikin mintuna. Ga shi tana hawa tana haki, baki buɗe, alhali hanci ne ke rage kaifinsa kafin ya isa huhu.

Jiƙaƙƙen gyale yana ɗan sha wannan gas na ɗan lokaci, shi ke nan. Illarsa ta fi amfaninsa, domin yarinyar da ya kamata ta juya tun tarin farko sai ta tsaya, wai ai ta rufe hanci, bari ta ƙara ɗaukar hoto ɗaya. Abin rufe fuska mai matatar gas, irin na masu bincike, yana tare salfa, amma yana ƙara wa numfashi nauyi, kuma ba ya tare kabon dayoksaid. Shi wannan ba wari ba launi, ya fi iska nauyi, sai ya kwanta a kwari da ramuka, daidai inda mutum zai so ya rakuɓe don gudun sanyi. Shi ya kashe mutane sama da 1,700 a kewayen tafkin Nyos na Kamaru a 1986. Masu cewa "ai ba mu ji wari ba" su ma su sani, gas mai warin ruɓaɓɓen ƙwai idan ya yi yawa, hancin ma daina jin sa yake. A dutsen Aso mai aman wuta na Japan ba sa ɓata lokaci da zancen takunkumi, mai asma ba ya zuwa bakin ramin, iyakarta ke nan. Shin mai shirya tafiyar nan ya fi su sani ne, ko kuɗin da zai rasa yake tunani?

Ta ga likitanta kafin ta biya ko sisi. In ya yarda, ta tafi da jagora mai lasisi, ta gaya masa ciwonta tun a ƙasa ba tare da kunya ba. Maganin asmarta na shaƙa ya zauna a aljihun riga, ba ƙasan jaka ba. Ta sa hular kwano, ta riƙe tocila don saukowa cikin duhu. Iska ta juyo da hayaƙi wajensu, ko ta fara tari, ta sauko nan take da rakiya.

In kuwa asmar ta tashi kwanan nan, Hajiya ki ce mata ta haƙura da hawa. Akwai jiragen ruwa da ke kai mutane gaban gangaren da daddare, daga can ma ana ganin tartsatsin sarai.