Amsa ga Yayana a Katsina Game da Surukanmu na Amurka

Yaya, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali, na ga saƙonka game da auren 'yarka da muke shirin ɗaurawa a nan Filadelfiya. Ka tambayi dalilin da ya sa mu Hausawan da muka zauna a Amurka muke ba Baƙaƙen fatar ƙasar 'ya'yanmu, mutanen da ka ce ba a san asalinsu ba, har ka ƙara da cewa anya jikokinmu za su amsa sunan Hausawa kuwa. Na san maganar ba a kan yaron nan ta fara ba, domin tun da na auri uwar yarinyar ake yin ta a gida, sai dai ba a gabana ba.

Kafin 1965 dokar shige da fice ta Amurka tana raba wa ƙasashe kaso ne bisa asalin mutanen da suka riga suka cika ƙasar, saboda haka Ingila da Jamus da Ayaland suka kwashe mafi yawa, ƙasar Afirka kuwa da ta sami 'yanci gurbin mutum 100 ake ba ta a shekara. Wanda ya shigo ma, launin fatarsa yana biye da shi. A 1961, shekarar da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ziyarci Shugaba Kennedy har ya yi jawabi a Majalisar Dokoki, an hana jakadan Chadi, Adam Malick Sow, abin sha a wani gidan abinci da ke kan babbar hanya mai lamba 40 a jihar Maryland, yana kan hanyarsa daga New York zuwa Washington. Idan jakada ya ga haka, kai ma ka san abin da ɗalibi zai gani.

Waɗanda suka karya wannan tsari su ne iyayen mutanen da kake tambayar asalinsu. Su suka kai ƙara har Kotun Ƙoli ta haramta wariya a makarantun gwamnati a 1954, su suka ƙaurace wa motocin bas a Montgomery fiye da shekara guda suna tafiya aiki a ƙasa, su aka yi wa duka da kulake a kan gadar Selma a watan Maris na 1965. Daga wannan gwagwarmaya aka sami dokar 'yancin jama'a ta 1964 da dokar 'yancin jefa ƙuri'a ta 1965, kuma da aka soke wariya a cikin gida sai ya zama abin kunya a ci gaba da ita a bakin iyaka. Ranar 3 ga Oktoba, 1965, Shugaba Johnson ya sa hannu a sabuwar dokar shige da fice wadda ta soke kason asali, ta fifita masu 'yan'uwa a ƙasar da masu ilmi ko sana'a. Ta wannan ƙofa na sami zama bayan na gama karatu, ta nan kuma yawancin Hausawan Gana da ke Bronx da 'yan Nijar da ke Greensboro suka kawo iyalansu. Shi ya sa yake yi mini nauyi in ji baƙo yana raina mai gidan da ya buɗe masa ƙofa.

Marigayi surukina a Karolina ta Kudu aka haife shi. Ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu cikin rundunar da aka ware wa Baƙaƙe zalla, domin sai a 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin kawo ƙarshen wariya a soja. Da ya dawo, rancen gida da gwamnati ta yi wa tsofaffin sojoji alkawari bai zo hannunsa ba, saboda bankuna ba sa ba da rance a unguwannin Baƙaƙe, sai ya bi ayarin masu ƙaura zuwa arewa ya kama aiki a masana'anta. Ya shiga ƙungiyar Elijah Muhammad, wato Nation of Islam ta Baƙaƙen fata masu kiran kansu Musulmi, kuma ba zan ɓoye maka ba, aƙidarta ta wancan lokaci ta saɓa wa abin da muka karanta a zaure. Amma da Elijah ya rasu a 1975, ɗansa Warith Deen Mohammed ya ja akasarin mabiya zuwa tafarkin Sunna, surukina kuwa yana da shekara hamsin da 'yan kai ya zauna koyon Fatiha da tahiya kamar ƙaramin almajiri. Ni na riƙa yi masa tilawa a ƙarshen rayuwarsa. Asalinsa da kake nema fataucin bayi ne ya shafe shi, kuma daga yammacin Afirka aka kwaso da yawa cikin kakanninsu.

Auren Bature ma, da wasu 'ya'yan abokaina suka yi, ba tsohon abu ba ne a nan. Har zuwa 12 ga Yuni, 1967, jihohi 16 suna ɗaukar auren baƙi da fari laifi, sai da Kotun Ƙoli ta soke dokokin a shari'ar Richard da Mildred Loving, waɗanda aka kama a Virginia don kawai sun yi aure. Mu dai ma'auninmu bai canza ba: addinin yaro, da halinsa, da sana'arsa, da mutuncin gidansu. Ana neman aure ta hannun manya, ana yanka sadaki, waliyyi yana bayarwa a masallaci gaban shaidu, mata suna yin kamu da lalle. Lefe ne muka rage, kuma ban ga asarar da muka yi ba.

Batun ko mu Hausawa ne har yanzu, a nan ne zan ɗan yi maka ƙorafi. Gaskiya ne Hausar yaranmu ta yi rauni, suna ji amma su amsa da Turanci, kuma uwarsu tana kiran sunan ɗanta na fari kai tsaye, abin da Inna ba ta taɓa yi maka ba har ta koma ga Allah. Na yarda wannan rashi ne, yana kuma damuna fiye da yadda yake damunka. To amma da na zo gida bara, jikokinka da ke makarantar kuɗi da Turanci suka gaishe ni a tsaye, babu wanda ya ce sun fita daga Hausawa, alhali 'yarka ta nan har ƙasa take durƙusawa, kuma uwarta Ba'amurkiya ce ta koya mata tuƙa tuwo da kaɗa miyar kuka, bayan ita ta koya a wajen Inna. In za a yi ginin masallacin unguwa ko jinyar wani a dangi, 'yan gida ne mu. In maganar aure ta taso kuma sai mu zama bare.

Game da ɗanka da kake so in ɗauko, dokar 1965 ɗin nan ta ba ɗan ƙasa damar nema wa ɗan'uwansa na jini izinin zama, amma ba ta haɗa da ɗan ɗan'uwa ba, kuma layin 'yan'uwan ya daɗe da wuce shekara goma, ta yadda kafin ya zo kanka yaron ya haura shekara 21 da ake ƙayyade wa 'ya'ya. Cacar biza ma, wadda dokar 1990 ta kawo, an cire Najeriya daga cikinta tun 2013 saboda yawan 'yan ƙasar da suka riga suka shigo. Gara ya nemi gurbin karatu, ya turo mini takardunsa in duba masa.