Filin Tambaya da Amsa: Ganyen Fulawata Na Yin Rawaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da fulawa mai faɗin ganye a tukunyar roba cikin falo. Kullum da safe nake ba ta ruwa, amma ganyen ƙasa sai rawaya suke yi suna kaɗewa. Na ƙara yawan ruwan, abin bai sauya ba. Takin zamani zan zuba mata ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, ki dakata da maganar taki tukuna, ki kuma ajiye butar nan. Yadda kika kwatanta, ruwa ne ya yi mata yawa. Saiwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa. Idan ƙasar tukunya ta zauna jagab kullum, iska ba ta shiga, saiwar ta fara ruɓewa, ta kasa tura ruwa da abinci zuwa ganye. Shi ya sa shukar ke yin yaushi kamar mai ƙishirwa alhali tana cikin ruwa, mai ita kuma ya ƙara zubawa.

Ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu. In da danshi, ba ranar ban ruwa ba ce. A cikin ɗaki sau ɗaya ko biyu a mako kan isa, da damina ma ƙasa da haka. Idan za ki ba ta, ki zuba sosai har ya fita ta gindin tukunyar, bayan minti 30 ki zubar da wanda ya taru a farantin da ke ƙarƙashi. Ki duba gindin ma, domin da yawa daga tukwanen ado da ake sayarwa ba su da huda. Ki zafafa ƙusa ki huda wuri 4 ko 5.

Idan ƙasar tana wari, sai an fito da shukar. Saiwa mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa-ƙasa, kuma da tauri. Ruɓaɓɓiya baƙa ce, tana murƙushewa a hannu. Ki yanke ruɓaɓɓun da almakashi mai tsabta, ki zubar da tsohuwar ƙasar. Sabon haɗi: kashi 2 ƙasar lambu, kashi 1 yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, kashi 1 takin dabbobi da ya daɗe ya ruɓe. Laka zalla ba ta dace da tukunya ba, ɗanyen kashin kaji kuwa ƙona saiwa yake yi. Kada ki koma babbar tukunya da sunan gata, ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba riƙe ruwa take yi.

Sai sabon toho ya fito, bayan kamar makonni 4 zuwa 6, za a yi batun taki. Alamar yunwa daban take: tsofaffin ganye su koɗe gaba ɗaya, girma ya tsaya, alhali ƙasar ba ta jiƙe ba. Wannan ƙarancin naitirojin ne, wani sinadari na abincin shuka. Ki narkar da ƙaramin cokalin shayi ɗaya na takin zamani NPK 15-15-15 a ruwa lita 4, ki ba ta sau ɗaya a wata, a kan ƙasa mai danshi. Idan kuwa sababbin ganyen sama ne suka yi rawaya, jijiyoyinsu na nan kore shar, sinadarin ƙarfe ne shukar ta kasa sha. Yawan zuba toka a tukunya na jawo wannan, haka ma ruwan wasu rijiyoyin burtsatse masu barin farin gishiri a bakin tukunya. A daina tokar, a kankare gishirin, a tari ruwan sama in ana damina.

Da hunturu kuma ki riƙa juya bayan ganyen. Busasshiyar iska na kawo wasu ƙananan ƙwari da ido bai cika gani ba, suna tsotse ganye, su bar ɗigo-ɗigon rawaya da siririyar yana irin ta gizo-gizo. Ki wanke ganyen gaba da baya, sannan ki fesa ruwa lita 1 da aka sa wa ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa, da yamma, duk bayan kwana 5 zuwa 7 har sau 3. Ki fara gwadawa a ganye ɗaya, don wasu fulawowin ba sa jure sabulu.

Ki matsar da tukunyar kusa da tagar gabas, nesa da bakin na'urar sanyaya ɗaki. Ganyen da ya riga ya zama rawaya gaba ɗaya ba zai dawo kore ba, ki tsinke shi. Amma in ganye ɗaya ne can ƙasa yake faɗuwa jefi-jefi, sama kuma tana toho, tsufa ne kawai, ba ya buƙatar magani.