Amsa ga ɗan'uwan da ya tambayi yadda zai koyi gane itatuwa a Legas

Assalamu alaikum. Malam, ka ce a gida arewa kana bambance kuka da tsamiya da ɗorawa tun daga nesa, amma da ka sauka Legas sai duk itatuwa suka zame maka kore iri ɗaya, kuma kana son sanin ta inda za ka fara. Na daɗe ina zaune a Agege ina bin wannan sha'ani, kuma abin da zan ba ka shawara a kai shi ne ka daina dogara da siffar itace daga nesa, ka matsa kusa da shi. A arewa itatuwa a warwatse suke, kowanne ya tsaya shi kaɗai a gona, rani kuma yana kaɗe ganyen da yawansu, don haka siffarsu take fitowa fili. A nan damina tana da tsawo, itatuwa suna cunkushe da juna, kuma akasarinsu ba sa rabuwa da ganye, shi ya sa idon da ka zo da shi daga gida ba zai wadatar ba.

Abu na farko da za ka duba shi ne ganye, musamman yadda yake zaune a jikin reshe. Ganyen mangwaro da na goro guda ɗaya ne a kan tsinkensa. Na dogon yaro da na maɗaci kuwa tsinke ɗaya ne ɗauke da ƙananan ganyaye a jere hagu da dama, sai dai gefen na dogon yaro yana da haƙora, na maɗaci kuma sumul yake. Rimi, wanda Yarabawa suke kira araba, ganyayensa suna fitowa daga wuri ɗaya kamar yatsun hannu, gindinsa yana da manyan saiwoyi masu faɗi da suka taso saman ƙasa, kuma yana da ƙaya a jiki lokacin yana ƙarami. Idan ka riƙe waɗannan rukunai uku, ka rage rabin aikin, domin duk baƙon itacen da ka tarar za ka san gidan da za ka fara nemansa.

Bayan ganye sai ka tsinke ɗan tsinke ka ga ruwan da zai fito. Idan fari ne mai kauri da danƙo, mai yiwuwa dangin ɓaure ne, wato 'yan'uwan cediya da durumi da gamji, kuma loko, wanda aka fi sani a nan da iroko, shi ma a wannan babban dangi yake. Amma ina roƙonka kada ka kai wannan ruwa baki ko ido, kada kuma ka tauna ganyen da ba ka sani ba, domin wasu furannin ado da ake shukawa a gidaje suna da farin ruwa mai guba. Al'adarmu ta ɗanɗana ɓawo don jin ɗaci ta dace ne kawai da itacen da mutum ya riga ya sani.

Ka kuma sani cewa da yawa daga itatuwan bakin titi a Ikoyi da Ikeja baƙi ne. Wanda yake rufewa da jajayen furanni kafin damina ta kankama asalinsa daga Madagaska ne, dogon yaro kansa daga ƙasar Indiya ya zo. Akwai kuma mai rassa hawa-hawa da faffaɗan ganye wanda yake yin ja kafin ya faɗi, yara suna fasa 'ya'yansa su ci ƙwallon ciki. Kada ka wahalar da kanka neman sunan Hausa ga kowanne, domin wasu ba su da shi. Ka rubuta sunan da maƙwabtanka Yarabawa suka faɗa maka, ka kuma tambayi masu sayar da sassaƙe da 'yan katako, waɗanda sukan gane itace ta ɓawo da ƙamshi kaɗai.

Game da wurin zuwa, ka ziyarci Lekki Conservation Centre, wanda aka kafa a 1990, inda za ka ga kurmin fadama da kwakwar manja, kuma gadar da aka rataya a sama tana ba ka damar duba ganye daf da ido. A bakin ruwan Jami'ar Legas da ke Akoka za ka ga itatuwan ruwan gishiri masu saiwoyi a tsaye cikin laka, irin waɗanda babu su a arewa ko kaɗan. Manhajojin waya irin su PlantNet da iNaturalist suna taimakawa idan ka ɗauki hoton ganye da fure da ɓawo daban-daban, amma ka ɗauki amsarsu a matsayin zato har sai ka tabbatar da idonka.

Abin da ya fi amfanata shi ne zaɓar itatuwa kaɗan a kan hanyar da nake bi kullum, ina lura da lokacin furensu da 'ya'yansu har shekara ta zagayo. Ka fara da agwaluma da goro, tun da ka san 'ya'yansu a kasuwa, kuma cinikin goro yana cikin abubuwan da suka fara zaunar da Hausawa a Agege. Agwaluma tana da sauƙin ganewa, domin idan ka juya ganyenta za ka ga bayansa fari-fari yana sheƙi.